Bashin da Ba Ya Cikin Rasit

A tsakiyar birnin Lancaster, a jihar Pennsylvania ta Amurka, akwai wata kasuwar manoma da ake kira Central Market. Tun 1730 take ci, ginin jan bulo da take ciki yanzu kuma a 1889 aka yi shi. Kwana uku take ci a mako: Talata, Juma'a da Asabar. Na shige ta wata safiyar Asabar cikin Janairu, ruwa ya daskare a bakin titi, numfashin kowa na fita kamar hayaƙi.

Hunturunsu ba irin namu ba ne. Mu a wannan lokaci tumatir da albasar noman rani ke cika kasuwa har su yi araha. Su kuwa ƙasar ce ke ƙanƙarewa, garma ba ta shigarta. Ya fi kama da tsakiyar daminarmu, sa'ad da rumbu ya yi ƙasa, sabon hatsi kuma bai nuna ba. Abin da na tarar na gonakin yankin duk kayan ajiya ne: dankalin turawa, kabeji, karas, tuffa da aka tsinka tun kaka, kayan lambu da aka tsuma a kwalabe, sai zuma da cuku da ƙwai. Cikin masu sayarwa har da 'yan Amish da Mennonite, manoman da aka san yankin da su.

Ba nisa da nan akwai manyan kantuna, inda za ka sami jan tumatir daga Meziko ko Florida, da wurin ajiye mota a ƙofa. To me zai sa mutum ya keto wannan sanyi ya zo sayen kabeji? Shin akwai wani haƙƙi a kan mai saye bayan ya biya kuɗin kaya?

Wani zai ce babu. Ciniki daban, zumunci daban. An ba ka kaya, ka ba da kuɗi, magana ta ƙare. Wannan hujja tana da ƙarfi, musamman a bakin mai iyali da ke lissafin kowace dala. Ba adalci ba ne a ɗora wa mai ƙaramin ƙarfi nauyin raya kasuwa, alhali tukunyar gidansa ce gabansa.

Amma akwai wanda hujjar ba ta wanke shi ba, kuma ina cikinsu: mai hali, wanda yake son zuwa a watan Yuli ya tarar da sabuwar masara da tumatir mai ƙamshin gona. Wannan manomin na Yuli shi ne dai yake tsaye a Janairu. Kuɗin rumfa bai daina hawansa don sanyi ya sauka ba, dabbobinsa ma ba su daina ci ba. Idan kowa ya jira lokacin yalwa kafin ya leƙo, wata shekara za a zo a tarar da rumfar a rufe. Hausawa sun ce da abokin daka ake shan gari. Wanda ke son garin Yuli, sai ya kama taɓaryar Janairu.

Wannan bashi babu kotun da za ta karɓar wa manomi shi, shi ma ba zai tambaya ba. Shi ya sa yake da sauƙin ci. Kasuwar da ta doshi shekara 300 kuwa ba ginin bulo ne ya riƙe ta ba, mutanen da suka yi ta zuwa ne a watannin da babu abin marmari.

Na sayi kabeji ɗaya da tuffa shida wurin wata dattijuwa. Tuffar ta ɗan yi laushi, ta kuwa faɗa mini haka kafin in miƙa kuɗi. Na ce ta zuba.