Lissafin Aji da Lissafin Uba

A zangon farko na karatun digirina na biyu a fannin tsimi da tanadi a Zariya, na riƙe wata ƙa'ida mai sauƙi: duk sana'ar da ke kawo riba, masu shigarta ƙaruwa suke yi. Da na ɗora ta a kan garkuwa da mutane, sai hukuncin ya fito fili. Kuɗin fansar da aka biya yau su ne jarin harin gobe, domin da su ake sayen babur da harsashi. Haka na rubuta a jarrabawa, na kuma ci maki mai kyau.

Ba a rufa wata uku ba aka sace ɗan kawuna a gona, a wani ƙauye na Faskari. Kawu ya sayar da masarar da ya tanada, ya jinginar da gonar gado, kuɗin ba su cika ba. Ya kira ni ya ce, "Ɗana, kai ka yi karatu, mece ce shawara?" Na yi shiru, sannan na tura masa kuɗin da na ware don bincikena. Tun daga ranar nake tambayar kaina: ilimina na ci amana, ko kuwa ilimin ne bai san Kawu ba?

Ba zan ce ƙa'idar ƙarya ce ba. Mutanen Ƙanƙara, inda aka kwashe ɗalibai fiye da 300 daga makarantar sakandaren kimiyya ranar 11 ga Disamba, 2020, sun san abin ya daɗe da zama kasuwa. Manoman Sabuwa da ake sa wa haraji kafin su girbe amfanin gonarsu sun san wanda ya biya bana za a dawo masa baɗi. Gari zai amfana idan kowa ya ƙi biya. Amma uban da ya ƙi biya shi kaɗai, ɗansa zai rasa, garin kuma bai tsira ba.

A nan na gane inda na yi kuskure. Lissafin ajinmu na al'umma ne gaba ɗaya, ni kuwa na nemi ɗora shi a wuyan mutum guda. A 2022 Majalisar Dattawa ta amince da ƙudurin ɗaurin shekara 15 ga mai biyan fansa, wato hukunta wanda ya fi kowa rashin zaɓi. A 2021 ma an rufe hanyar Ƙanƙara zuwa Sheme, an hana cinikin dabbobi a kasuwannin yankin, an katse layukan waya, duk da nufin toshe wa 'yan bindiga kafa. Sai dai talakan da akuyarsa ita ce asusunsa, shi ma ya ɗanɗana kuɗarsa.

Amartya Sen, wanda ya nazarci yunwar Bengal ta 1943, ya nuna cewa mutane kan mutu da yunwa ko da akwai abinci a ƙasa, idan hanyar mallakarsa ta kuɓuce musu. Darasin da na ɗauka shi ne a tambayi wace hanya aka bar wa mutum kafin a zarge shi da wadda ya bi. Wanda ke da ikon rage ribar wannan muguwar sana'a shi ne mai jami'an tsaro da kotu da baitulmali. Gare shi ya kamata masanin tattalin arziki ya kai lissafinsa.

Yaron ya dawo bayan kwanaki, a rame. Ban janye abin da na rubuta a jarrabawa ba, ban kuma yi nadamar kuɗin da na tura ba. Na dai sauya batun kundina: yanzu ina bin diddigin gonakin da aka jinginar saboda fansa, da hannun da suke ƙarewa. Gonar Kawu ce ta farko a jerin.