Wanda Ya Shata Iyaka, Wa Zai Shata Masa?

Duk kwamfutar da ke ɗauke da ƙwaƙwalwar Intel ko ta AMD, ko tana ofis a Gusau ko tana gaban ɗalibi a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Ƙaura Namoda, idan aka kunna ta takan farka ne cikin wani hali na jahiliyya da ta gada daga kakarta, 8086 ta shekarar 1978, halin da ba ta ganin fiye da megabayit ɗaya na ma'adana, kuma kowane shiri yana iya rubutu inda ya ga dama, ba haddi ba hijabi. A tsohon tsarin BIOS, sai a ɗauko bayit 512 na farkon faifai a ajiye su a adireshin 0x7C00, a miƙa musu ragama. Wannan ɗan taƙaitaccen shiri, wanda ake rubutawa da harshen asambili, shi aka ɗora wa nauyin fitar da na'urar zuwa halin kariya.

Tartibin aikin abin lura ne. Da fari yakan ba da umarnin cli, ya toshe kunnen ƙwaƙwalwar daga galibin kiraye-kirayen waje, domin tsohon kundin amsa kira ya kusa zama mansuhi alhali sabon bai kafu ba. Sa'an nan ya buɗe layin A20, ya rubuta jadawalin iyakoki wanda ke fayyace mafarin kowane yanki da matuƙarsa da darajar mai izinin taɓa shi, ya sanar da shi ta umarnin lgdt, ya mai da alamar farko ta rajistar CR0 daga sifiri zuwa ɗaya, daga bisani ya yi dogon tsalle wanda da shi ne sabon hukunci ke fara aiki a kansa. Daga nan hidimomin BIOS sun yanke masa, ko harafi ɗaya yake so ya bayyana a allo sai ya kai shi 0xB8000 da kansa.

Fa'idar ba ta ɓuya, domin tun daga 80386 ta shekarar 1985, na'urar da ta karɓi ƙaidi takan sami gigabayit 4 a madadin megabayit ɗaya, kuma masu wa'azi za su so wannan misali na yalwar da ke cikin ɗa'a. Amma mas'alar da ta fi damuna tana wani wuri dabam. Darajoji huɗu ne a halin kariya, daga 0 zuwa 3, kuma wanda ya rubuta jadawalin yakan ajiye kansa a daraja ta 0, galibi ma yakan rubuta cewa yankinsa ya faro daga sifiri ya tuƙe a ƙarshen ma'adana baki ɗaya; saboda haka haddin da aka kafa yana hawa kan shirye-shiryen da za su zo daga baya a daraja ta 3, shi kuwa mai daraja ta 0 yana da ikon sauya jadawalin duk sa'ad da ya so.

Mutumin Kasuwar Daji ko Zurmi ko Shinkafi ba ya bukatar a yi masa sharhin wannan, don ya san cewa iyakar gona da burtali suna hana manomi da makiyayi cin haƙƙin juna ne muddin wanda aka ba amanar shata su bai mai da burtalin gona ya sayar ba. Malaman jihadi sun fuskanci mas'alar gaba da gaba: Shehu Usmanu a Kitabul Farƙi ya zargi sarakunan zamaninsa da ɗora wa talakawa abin da shari'a ba ta ɗora ba, ƙanensa Abdullahi kuma ya rubuta Liya'ul Hukkami a Kano domin masu mulki su san cewa hukuncin da suke zartarwa ba mallakarsu ba ne, yana bisa kansu kamar yadda yake bisa kowa.

Injiniyoyi sun bi wata hanya, wato ɗora mai tsaro bisa mai tsaro, har Intel ta fito da VT-x a shekarar 2005 domin a sami shirin da ke sa ido a kan daraja ta 0 ita kanta. Sai dai duk wanda ya zauna gaban malamin tauhidi zai gane tasalsuli idan ya gan shi, domin sabon mai tsaron ma wani ne ya rubuta shi, kuma a ganina tsawaita silsila ba ya sauke tambayar amana, jinkirta ta kurum yake yi. Ga misali, a ranar 19 ga Yulin 2024, kamfanin CrowdStrike ya aika da sabuntawa mai aibi ga shirinsa na tsaro, wanda aka ba mazauni a daraja ta 0 domin ya kare Windows daga ɓarayi, sai kwamfutoci kimanin miliyan 8.5, bisa ƙiyasin Microsoft, suka faɗi a yini guda, jiragen sama suka kasa tashi, ayyukan asibitoci da bankuna suka tsaya a ƙasashe da dama.