Mai Bayarwa Ce Ke Ramewa

'Yan uwana mata, wannan magana a bakin murhu ta same ni. Ina zuba gishiri a miyar kuka, ƙanwata 'yar sakandare na kan tabarma tana bitar kimiyya, sai ta ce, "Yaya, kin san gishirin nan aure ne tsakanin abu biyu?" Na ce ke dai yi karatunki. Amma da dare sai da na ɗauko littafin nata.

Ashe komai na duniya da ƙwayoyin zarra aka gina shi, ƙanana ainun, waɗanda in aka jera miliyan 10 na zinariya ba za su wuce tsawon milimita 3 ba. Kowace tana da cibiya mai ɗauke da furoton, sannan ga ilektaron suna kewaye ta hawa-hawa, cibiyar na janyo su. Duk da ƙanƙantarsu, girmansu ba ɗaya ba ne.

Ni da na ɗauka wadda ta fi kaya ita za ta fi jiki. Ina! Sodiyam furoton 11 gare shi, kulorin 17, kuma duka hawa uku ne da su. Amma daga cibiya zuwa baki sodiyam ya kai fikomita 186, kulorin kuwa kamar 99. (Fikomita ɗin nan, sai an raba mita gida tiriliyan ɗaya a samu guda.) Dalili shi ne mai furoton da yawa ya fi ƙarfin ja, sai ya tattara nasa kusa da shi. Sai an ƙara sabon hawa jiki ke buɗewa, shi ya sa hiliyam mai hawa ɗaya ta fi kowa ƙanƙanta, sisiyam mai hawa shida kuwa yana cikin ƙattai.

To ga inda barci ya ƙaurace mini. In za a yi gishiri, sodiyam ne ke miƙa ilektaron ɗaya tilo da ke hawansa na waje. Yana bayarwa sai hawan ya tafi gaba ɗaya, ya dawo kamar 102. Kulorin da ya karɓa ya kumbura zuwa 181. Babba ya koma ƙarami.

Nan take wata ƙawata ta faɗo mini a rai. Lokacin da kasuwar maigidanta ta karye, sarƙa da 'yan kunnenta na gwal ta sayar ta ba shi jari, ko mahaifiyarta ba ta sani ba. Ya farfaɗo, ya yi ƙiba, ya sayi mota. Shekara biyu ba ta cika ba ya yi mata amarya. Ba auren nake zargi ba. Abin da ya ƙona mini rai, ranar da na je gidan na tarar da ita ta rame, tana jiran a ba ta kuɗin sabulu.

Sai dai kada in yi son kai. Sodiyam shi kaɗai in ya taɓa ruwa har wuta yake iya kamawa, kulorin kuma iskar guba ce. Ba don bayarwar nan ba, da babu abin da za mu sa a miya. Gidan da kowa ya ƙanƙame nasa, wa zai iya zamansa?

Da safe na tambayi ƙanwata, shin bayan na farkon yana ƙara ba da na biyu? Ta yi dariya ta ce a'a Yaya, ƙarfin da za a sa a ƙwace na biyun ya kai ninki tara na na farko. Ya ba da na waje, ya riƙe na ciki gam.

Watan jiya maigidan ƙawata ya sake zuwar mata da maganar bashi, wai ta sayar da keken ɗinkinta. Ta zo neman shawarata, ni kuwa na rasa ta cewa, don ba na son a ce ni na kashe mata aure. Gishirin kawai na ba ta labari, ta yi shiru tana kallon ƙasa. Jiya da na bi ta layinsu, tun daga zaure na jiyo ƙarar keken.