Fasali a kan "in" da abin da ke warware ta

Ka sani, ya kai ɗan'uwa, yawancin hukuncinmu na gona da kasuwa a kan kalmar "in" yake rataye. Manomi ya ce: in damina ta yi kyau, gyaɗa za ta yi. Falke ya ji, ya ba da kuɗinsa tun kafin kaka. To, a 1975 ruwa ya sauka, amma cutar da ƙananan ƙwari suka yaɗa ta halaka gyaɗa a ƙasar Hausa. Sharaɗi ya cika, jawabi bai zo ba.

A nan mutane suka rabu biyu. Wani ya mance da shekarar, yana ta cewa "lalle". Wani ta firgita shi, har ya yanke ƙauna daga gona. Dukansu sun kauce, domin misali guda mai saɓawa yana rushe "kullum", ba ya rushe "galibi". Shi ya sa malaman usulu ba su wadatuwa da samuwar sababi, sai sun duba ko akwai mani'i.

Saboda haka, kafin ka kwance bakin jaka, ƙidaya abubuwan da ke iya hanawa. In suna da yawa, ka rage. In kaɗan ne, ka bayar, amma ka bar saura a hannunka.

Tammat.