Ɗaure Raƙuminki Kafin Ki Shiga Birni

  

A ranar Alhamis 1 ga Agusta 2024, zanga-zangar tsadar rayuwa ta rikiɗe ta zama tarzoma a Kano. Aka fasa shaguna, gwamnati ta kafa dokar hana fita ta awa 24. Baƙuwar da ta kwana a garin sai ta wayi gari ba mota, ba kasuwa. Kafin wannan, a watan Afrilu 2011, rikicin bayan zaɓen shugaban ƙasa ya shafi jihohi 12 na Arewa, inda ƙungiyar Human Rights Watch ta ƙiyasta mutuwar sama da mutum 800 cikin kwana uku. Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasu.

To, ƙura takan lafa, kuma buƙata ba ta jira. Wata tana da mara lafiya a asibitin Malam Aminu Kano, wata za ta haɗo lefe a Kantin Kwari, wata gaisuwar mutuwa za ta. Yaya mumina za ta shiga babban birni a irin wannan lokaci?

Sau da yawa in an ce wa mace ta dakata, sai ta ce: "Haba dai, ai abin da Allah Ya rubuta ba makawa." Gaskiya ne, amma ba a nan zancen ya tsaya ba. Ki duba Suratu Yusuf, aya ta 67. Da Annabi Yaƙuba (A.S) zai tura 'ya'yansa Masar, sai ya umarce su da su rarrabu, su shiga ta ƙofofi daban-daban, sannan ya shaida musu cewa dabararsa ba ta tunkuɗe hukuncin Allah, kuma gare Shi ya dogara. Haka nan Tirmizi ya ruwaito cewa Manzon Allah (S.A.W) ya umarci wani mutum ya ɗaure raƙumarsa tukuna, sannan ya yi tawakkali. Kin ga ke nan, taka-tsantsan wani yanki ne na tawakkali.

Igiyar farko ita ce shawara. Ki zauna da maigida ku auna tafiyar: dole ce, ko za ta iya jira mako guda? In biki ne, a aika gudunmawa, zumunci bai yanke ba. In dole ce, ki tafi da izininsa, tare da muharraminki kamar yadda shari'a ta tanada, kuma a bar ƙananan yara a gida in da hali.

Ta biyu, tantance labari. Suratul Hujurat, aya ta 6, ta hore mu da bincike kafin mu yi aiki da labarin da ba mu amince da mai kawo shi ba. Kada ki dogara da saƙon WhatsApp. Ki saurari rediyo, ki kira wadda za ki sauka wurinta, ki tambaye ta halin da unguwarsu take ciki da lokacin da dokar hana fita take farawa. A Kano a 2024, sannu a hankali aka riƙa sassauta dokar, don haka labarin jiya ba lallai ya yi miki amfani yau ba. Ke ma kada ki tura abin da ba ki tabbatar ba. Jita-jita ɗaya tana iya tayar da unguwa.

Ta uku, lokaci. Ki yi sammako ki isa da rana tsaka. Ki hau mota a cikin tasha, ban da ta bakin hanya. Ki cika cajin waya, ki rubuta lambar maigida da ta masaukinki a takarda, ki riƙe katin shaida saboda shingayen jami'an tsaro. Kuɗi a raba su biyu, gwala-gwalai su zauna a gida.

Ta huɗu, harshe da ƙafa. A cikin mota ko A Daidaita Sahu, ban da hirar siyasa ko ƙabila, domin ba ki san wanda ke gefenki ba, ba ki san abin da ya rasa ba. In kin hango taro ko hayaƙin taya, ki juya, ba a tsayawa kallo. Kayan da aka kwaso a tarzoma kuwa, komai arharsu kada ki saya, haƙƙin wani ne.

Bayan kin ɗaure duk wannan, sai ki yi addu'ar fita daga gida da ta hawa abin hawa, ki riƙe azkar na safe da maraice, ki sa zuciyarki ta natsu. Kuma ki tuna addu'ar matafiyi karɓaɓɓiya ce, don haka ki sa garin da mutanensa a ciki.

Allah Ya zaunar da ƙasarmu lafiya, Ya kai mu lafiya, Ya dawo da mu ga iyalanmu lafiya. Amin. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.