Gayya a Ƙarƙashin Mota: Alhakin Wa?

A ƙauyukan da ke tsakanin Magariya da Dungas, inda rairayi ya fi kwalta yawa, ba a rasa ganin tsohuwar a-kori-kura a ƙofar wani gida, an ɗage ta bisa kututturan itace, ƙafafun mutum biyu ko uku sun leƙo daga ƙarƙashinta. A gefe ga tabarma, ga butar shayi a kan gawayi, ga tsohon kwano cike da notuna. In aka tambayi abin da ya faru, amsar takan zama ɗaya: kuloci ne ya ƙone. Mai motar bai kai ta gareji ba, ko don garejin ya yi nisa, ko don kuɗin janta da ladan makaniki sun fi ƙarfin aljihunsa. Sai ya kira abokan fadarsa da wani dattijo da ya daɗe yana tuƙi, suka taru domin su sauke giyabos a gida. Ba wanda za a biya ko dala. Abin da ke tsakaninsu tuwon rana ne, da shayi, da "Allah ya saka da alheri".

Duk wanda ya ga wannan taro zai yaba, kuma ya cancanci yabo. Sai dai bayan kwana biyu motar nan za ta ɗauki mutane da buhuna da awaki ta nufi kasuwar Maigatari, kuma babu ɗaya daga cikin fasinjojin da ya san hannun da ya ɗaure notin da ke ƙarƙashin mazauninsa. Idan wani abu ya kwance a hanya, wa za a tambaya? Aikin da mutum biyar suka yi don Allah, a wuyan wa alhakinsa yake?

Kafin a shiga wannan tambaya, ya kamata a san dalilin da ya sa kuloci ke saurin mutuwa a wannan yanki. Kuloci shi ne mai shiga tsakanin inji da giya. Faranti ne mai fata a fuskokinsa biyu, wanda wani murfi mai sifirin ke matse shi a jikin babban faifan ƙarfen da ke bayan inji. In direba ya taka feda, matsin ya saki, inji ya rabu da giya. In ya ɗaga ƙafa, su sake kamawa. Abin da ke cinye fatar shi ne tsakatsaki, wato lokacin da farantin bai kama ba kuma bai saki ba, yana gogar ƙarfe yana zafi. Direban da motarsa ta kafe a yashi, ga lodin rake daga fadamun Korama ya ninka abin da aka ƙera ta dominsa, ba shi da wata dabara sai wannan tsakatsakin. Warin da ke tashi a sannan, kowane yaron mota ya san ma'anarsa.

Ga kuma wuyar kayan gyara. Tun da aka fara harhaɗa Peugeot a Kaduna a 1975, motoci da kayansu daga kudu suka fi zuwa wa mutanen wannan yanki, musamman daga kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano, kuma karya darajar sefa da rabi a Janairun 1994 ya ƙara nisanta su da sabon kayan Faransa. Dungas ta zama gunduma mai zaman kanta a 2011, amma hakan bai matso mata da kasuwar kayan mota ba. Da Najeriya ta rufe iyakokinta a Agustan 2019, sai a Disamban 2020 aka buɗe ta Maigatari. Aka sake rufewa bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 har zuwa Maris na 2024. A irin waɗannan lokuta, faranti ɗaya kan zama abin nema da addu'a, har a koma ga ɗaura sabuwar fata a kan tsohon ƙarfe. Saboda haka gyaran gida a nan larura ce kafin ya zama sha'awa, ko da yake a cikin samarin akwai waɗanda son inji ya shiga jininsu, waɗanda ko ba a kira su ba za su zo.

Aikin kansa ba na mutum ɗaya ba ne. Sai an cire furofela, an kwance notunan da suka haɗa giyabos da inji, sannan a ja shi baya a sauke, ga shi da nauyin da zai iya karya ƙirjin wanda ke kwance a ƙasa. Sabon farantin yana da fuskar da dole ta kalli inji. In aka juya shi, aiki ya ɓaci. Dole kuma ya zauna daidai a tsakiya, in ba haka ba sandar giya ba za ta shiga ba, shi ya sa masana ke ajiye tsohuwar sanda don saiti. Notunan murfi ana ɗaure su kaɗan-kaɗan, wannan da na daura da shi, har su zauna tare. In mai na yoyo daga bayan inji ba a kula ba, zai jiƙa sabuwar fatar ta lalace ba da jimawa ba. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, balle giyabos.

Wannan karin magana shi ya nuna asalin al'adar. Gayya ta girmi mota a ƙasar Hausa. Da ita ake nome gonar wanda ciwo ya kwantar, da ita ake ɗora jinka. Amma tsakanin gayyar gona da gayyar mota akwai bambanci guda da ba a cika lura da shi ba. A gona, aikin kowa a fili yake: kunyar da aka yi wa noman ganin ido tana nan kowa na kallo, gobe ciyawa ta tona asirin mai ita, kuma hasarar ba ta wuce ƴan damman hatsi ba. A ƙarƙashin mota kuwa, da zarar an mayar da giyabos, aikin ya shiga duhu. Ba mai sake ganin farantin, ba mai sanin notin da aka bari da sako-sako domin magariba ta gabato kuma hannu ya gaji. Gaskiya ne kuloci ba birki ba ne, mutuwarsa ta fi jawo kwana a daji fiye da haɗari. Amma kwana a daji da mace mai naƙuda a bayan mota ba ƙaramin abu ba ne, furofelar da ta kwance mota na gudu kuwa tana iya kifar da ita.

Sannan ga wata kunyar, wadda ba ta gona ba. Mutumin da ya biya makaniki yana da bakin magana: zai iya cewa a sake dubawa, zai iya dawo da mota ya yi faɗa. Wanda aka yi wa aiki kyauta bakinsa a ɗaure yake. Ta yaya zai dubi abokin da ya bar sana'arsa ya wuni cikin baƙin mai dominsa, ya ce masa bai yarda da ɗaurinsa ba? Masanin Faransa Marcel Mauss ya nuna tun 1925 cewa kyauta tana ɗora wa mai karɓa nauyi, Guy Nicolas kuma ya bi diddigin haka a bukukuwan Hausawan Maradi a littafinsa na 1986. Bahaushe bai jira su ba kafin ya san cewa alheri danƙo ne. Abin lura a nan shi ne danƙon yakan manne har da harshe. Mai mota ya yi shiru don kara, mai taimako ya yi shiru don kada a ce bai iya ba, sai shirun biyu ya hau mota tare da fasinja.

Malaman fiƙihun Malikiyya, waɗanda littattafansu ake karantawa a zaurukan Damagaram, sun yi magana a kan abin da ya yi kusa da wannan. A cikin Risala, Ibn Abi Zaid na Ƙairawan, wanda ya rasu a 996, ya tabbatar da cewa mai sana'a yana lamunin kayan da aka ba shi ya tafi da su, ko da lada ya yi aikin ko ba lada. Hukuncin yana da ban sha'awa ta fuska biyu. Ta farko, rashin karɓar kuɗi bai sauke wa masani nauyi ba. Sanin da ya sa aka amince masa shi ne ya ɗaure shi. Ta biyu, masu sharhi sun bayyana cewa idan aikin a gidan mai kaya aka yi shi, ko a gaban idonsa, lamunin ya faɗi daga kan mai sana'a, sai fa in ya yi sakaci ko ya ƙetare iyaka. Ke nan mutumin da ya zaɓi a gyara motarsa a ƙofar gidansa ya jawo nauyin zuwa kansa. Ya tsira da kuɗin gareji, amma ya sayi alhaki, kuma ba shi da ikon raba shi biyar don mutum biyar ne suka taɓa sufana.

Sai dai fiƙihu a nan yana magana ne a kan wanda zai biya abin da ya lalace. Tambayar zuciya ta wuce nan. Saurayin da ya shiga ƙarƙashin mota da kyakkyawar niyya, bai taɓa ganin cikin kuloci ba amma ya ƙi faɗa, alƙali ba zai ci shi tara ba, duk da haka ya ci amana. Kyakkyawar niyya tana da lada, amma ba ta ɗaure noti. An ruwaito cewa Imam Malik, duk da zurfin iliminsa, yakan amsa tambayoyi da yawa da cewa bai sani ba. A wurin gayyar mota, wannan kalma ita ce gudummawa mafi tsada da mutum zai iya kawowa, domin ita kaɗai ke sa a kira wanda ya sani tun kafin a rufe aikin.

Mai ja da wannan magana zai ce: to, a bar wa makanikai aikinsu mana, kowa ya tsaya a sana'arsa. Yana da hujja. Makanikin da ya yi shekaru yana yaron gareji, yana wanke notuna da fetur kafin a yarda ya riƙe sufana, yana da haƙƙin cin abinci da saninsa, kuma sau da yawa shi ake kai wa ɓarnar da gayya ta yi, a ce ya gyara da araha. Amma hujjar ba ta kai ƙarshe ba. Kuɗi ba sa tabbatar da amana. Akwai mai karɓar lada ya sa tsohon boris ya ce sabo ne. Bayan haka, Imam Gazali ya lissafa sana'o'in da rayuwar jama'a ta dogara a kansu cikin farillan da wasu ke ɗauke wa wasu, waɗanda in gari ya rasa mai yin su, laifin na kowa ne. Ƙauyen da motarsa ɗaya ita ce motar kasuwa, ita ce kuma ke kai marar lafiya asibitin Magariya, in babu mai iya taɓa ta a cikinsa, ya jingina rayuwarsa ga sa'a. Ibn Khaldun ya ce sana'a ba ta zama a hannu sai da maimaici a gaban malami. Ga yaran ƙauye da yawa, tabarmar nan ta gefen mota ita ce makarantar farko, kuma makanikan gobe daga cikinsu za su fito.

Ashe maganin yana cikin gayyar kanta, in an koma ga yadda magabata suka tsara ta. Gayyar gona ba taron yuyuyu ba ce: tana da mai kira, tana da jagora, kuma akan bi bayan manoma a duba abin da suka bari. Haka ya kamata ta mota ta kasance. Tun kafin a kwance noti na farko, a ambaci mutum ɗaya, wanda ya fi kowa sani, a ce hannunsa ne na ƙarshe a kan kowane noti. In an yi haka tun da safe, dubawar yamma ta zama ƙa'ida, ba wanda zai ɗauke ta zargi, kuma kara ba ta hana gaskiya fita ba. Kada a yarda mutum ya kwanta a ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita a kan yashi. In aka ci karo da abin da ya fi ƙarfin taron, a aika a kira makaniki a biya shi haƙƙinsa. Mai motar kuma ya fara hawanta shi kaɗai, ya shiga da ita yashi ya fito, kafin ya ɗauki ɗan kowa. Fasinja bai ci tuwon gayya ba, bai sha shayinta ba, bai kamata a ce shi zai gwada aikinta ba.

A irin wannan taro, idan la'asar ta yi sanyi aka mayar da giyabos, samari sukan fara wanke hannu suna raha. A lokacin ne dattijon ke karɓar sufana ya sake kwanciya a ƙasa. Wani daga cikinsu, wanda shi ya ɗaure furofela, yakan ɗan ɓata rai ya ce: "Baba, ai na ɗaure su duka." Dattijon ba ya musu. Yakan ce: "Na sani, ɗana. Zo ka riƙe mini fitila." Sai su bi notunan ɗaya bayan ɗaya, yaron na haskawa, tsohon na gwadawa. Wani lokaci ba a samun komai. Wani lokaci noti na uku ya juya rabin zagaye, su biyun su gani, ba wanda ya ce uffan. Sannan a sauke motar daga kan kututture, a miƙa wa mai ita makulli.