Mai Allurar Ciwon Sukari, Aikin Ƙarfi da Azumi

 Wani bawan Allah daga Turba, cikin ƙasar Isa, ya aiko mana da tambaya. Ya ce shi manomi ne mai ciwon sukari, yana yin allurar insulin kullum. Wata Litinin yana azumin nafila ya tafi ban ruwa a fadama, sai jiri ya kwashe shi ya faɗi. Shin da ya sha ruwa kafin ya faɗi, ya yi laifi?

Amsa ita ce bai yi laifi ba. Laifin yana ga wanda ya ga alamar halaka ya ƙi kare kansa. Jiki amana ne, kuma aya ta 195 cikin Suratul Baƙara ta hana mutum jefa kansa ga halaka, aya ta 185 kuwa ta yi wa marar lafiya rangwame ko a azumin farilla, balle na nafila. Malamanmu na Malikiyya, kamar yadda ya zo cikin Muhtasar na Halil, sun ce shan ruwa wajibi ne ga wanda ya ji tsoron mutuwa ko cuta mai tsanani. Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi ma, a zamanta na Sharja cikin 2009, ta hukunta cewa mai ciwon sukari da azumi zai jefa cikin babban haɗari kada ya yi shi.

To, ya kamata a san dalili. Allurar insulin, wadda aka gano a Kanada cikin 1921, ita ke shigar da sukari daga jini zuwa tsoka. Aikin ƙarfi kuma, watau noma, ko jan ruwa, ko tafiyar ƙasa zuwa kasuwar Sabon Birni, yana ƙone sukarin nan. Idan allura da aiki da yunwa suka haɗu, sai sukari ya yi ƙasa ƙwarai. Alamunsa su ne gumi, da rawar jiki, da faɗuwar gaba, da jiri, da ruɗewar magana.

Saboda haka, ya kai ɗan'uwa, ka auna jininka kafin ka fita. Awon nan ba ya karya azumi. Idan bai kai 90 ba, ka ci wani abu tukuna. Idan ya sauka ƙasa da 70, ka bar aiki nan take, ka ci dabino uku ko ka sha sukari ƙaramin cokali huɗu a ruwa, ko da saura kaɗan a kira magariba, sa'an nan ka sāke awo bayan minti 15. Idan kuwa ya haura 300, nan ma ka sha ruwa, ka ajiye fartanya, ka nemi likita. Kada ka yi allura a cinya ko damtsen da za ka yi aiki da shi, domin maganin zai shiga jini da gaggawa. Kada ka ƙara ko ka rage allura sai da shawarar likita. Ka sani kuma sukari na iya faɗuwa cikin dare bayan wunin wahala, har doguwar tsayuwar tarawihi tana cikin lissafi.

Ku kuma maƙwabta, in kun ga irin wannan mutum ya suma, kada ku ce iskoki ne ku tsaya hayaƙi. Kada ku ɗura masa fura ko ruwa, don zai iya shaƙewa. Ku kwantar da shi ta gefe, ku gaggauta kai shi asibiti.

Wanda ya sha ruwa a Ramadan don wannan uzuri ya rama in ya samu iko. Wanda likita amintacce ya ce ba zai taɓa iyawa ba, babu ramuwa a kansa, an dai so ya ciyar da miskini mudu ɗaya kowace rana. Dabino uku a aljihu ba raunin imani ba ne, kiyaye amana ne.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, amin. Allah ne Mafi sani.